Kilo 27 da Ragon Dutse: Shirin Farautar Kwana 12 a Tsaunukan Brooks

A can ƙuryar arewacin Alaska, jihar Amurka da ta yi iyaka da Kanada, akwai jerin tsaunukan Brooks, sun miƙe daga yamma zuwa gabas fiye da kilomita 1,000. Titi ɗaya tak ya ratsa su, titin Dalton, wanda aka yi a 1974 saboda aikin bututun mai. In ka bar titin nan, sai 'yan ƙauyuka ƙalilan na 'yan asalin ƙasar, sauran duk dutse ne da kwari da kogi. A nan ragon dutse da ake kira Dall yake zaune, fari fat, ƙahonsa a naɗe, ga ido mai hango mutum tun daga nesa. Wanda ke son farautarsa a cikin lungunan nan, ƙaramin jirgin sama ne zai sauke shi a kan tsakuwar bakin kogi ya juya, ba zai sake ganinsa ba sai ranar alkawari, ita ma in sama ta yarda.

Mu ɗauki wa da ƙane. Wan mazaunin Fairbanks ne, wani birni a cikin Alaska, ƙanen kuma yana zaune a wata jihar ta kudu. Wannan dangantaka ita ta buɗe musu ƙofa tun farko, domin dokar Alaska ta ce wanda ba mazaunin jihar ba ne ba zai yi farautar ragon dutse ba sai da jagora mai lasisi, kuma kuɗin jagora dubun-dubatar daloli ne. Mafita ɗaya ita ce ya tafi tare da ɗan'uwansa na kusa, mazaunin jihar, mai shekara 19 ko fiye. Wa ya cika sharaɗin. Sai suka tsayar da kwana 12 a gabashin tsaunukan, jirgi ya kai su ranar 8 ga Agusta, ya ɗauko su ranar 20.

Ranar 8 ɗin da dalili suka zaɓe ta. Ana buɗe farautar ranar 10 ga Agusta, a rufe 20 ga Satumba. Doka ta hana mutum harbin babbar dabba a ranar da ya shiga jirgi, sai bayan ƙarfe 3 na daren da ya biyo baya, don kada a hango dabba daga sama a sauka a kashe ta. Jirgi mai saukar ungulu kuwa haramun ne a harkar farauta baki ɗaya. Saukar da wuri ta ba su kwana biyu na tafiya da kallo kafin a buɗe. Wurin ma sai da suka yi ta duba taswirar hukuma, saboda akwai yankin da aka keɓe wa Gwich'in, 'yan asalin ƙasar na ƙauyen Arctic Village, da mazauna wasu ƙauyukan yankin, kuma a 2022 hukumar tarayya ta rufe wani ɓangare na tsakiyar tsaunukan kusa da titin Dalton saboda raguwar tumakin.

Abin da sikeli ya ce

Jirgin da ke iya sauka a irin wannan tsakuwa shi ne Piper Super Cub, mai manyan tayoyi masu laushi. Matuƙi a gaba, fasinja ɗaya a bayansa kamar goyon babur, kaya kuma a ɗan lungun da ya rage. Matuƙin da suka yi ciniki da shi ya ba kowannensu kilo 27, ban da bindiga da tufafin da ke jiki. Wannan adadi ba a roƙo a kansa. Filin gajere ne, kuma jirgin da aka cika wa kaya yana bukatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga.

Abinci suka fara ɗorawa a sikeli, domin shi ne ba ya ragu. Mai hawan dutse da kaya a baya yana ƙona fiye da abin da zai iya ɗauka, don haka suka tsaya a giram 750 kowace rana ga mutum ɗaya, suka zaɓi abin da ke da maiƙo da ƙarfi a ɗan ƙaramin nauyi: man gyaɗa, cuku, busasshen nama, gyaɗa da zabibi, hatsin oti na safe, man zaitun a 'yar gora, da busasshen abincin leda wanda ake zuba wa tafasasshen ruwa da dare. Kwana 12 ya ba da kilo 9. Suka ƙara na kwana uku saboda jinkirin jirgi, ya haura 11. Kowace rana da ledarta, an rubuta lamba a jiki, don kada yunwar rana ta huɗu ta cinye rabon rana ta goma.

Saura kilo 16 ke nan ga komai da komai. Jakar goyo mai ƙarfe a baya, wadda za ta iya ɗaukar nama, ta ci 3. Jakar barci da 'yar katifar iska sun ci 2. Tufafi 4. Wan ya ɗauki tanti, ƙanen ya ɗauki babban madubin hangen nesa da ƙafafunsa uku, kowanne wajen kilo 3. Abin da ya rage suka raba: ƙaramin murhun gas da gwangwani uku, wuƙaƙe, buhunan nama, igiya, tamfol mara nauyi, matatar ruwa, magunguna da filasta, da na'urar Garmin inReach mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Gas ɗin sai a Fairbanks aka saya, tunda jiragen fasinja ba sa ɗaukarsa.

Tufafin nan babu auduga ko zare ɗaya. A watan Agusta, rana na iya yin ɗumi har mutum ya yi gumi, dare ya yi, ruwa ya daskare a kofi, dusar ƙanƙara kuma ba ta jiran Satumba. Auduga in ta jiƙe sai ta manne a jiki ta yi ta zuƙe ɗumi, kuma sanyi da jiƙa da iska in suka haɗu suna kashe mutum ko da ma'auni bai kai sifiri ba. Ulu da yadin roba suka ɗauka, da rigar ruwa da wandonta masu ƙwari, da riga mai kauri ta zaman kallo. Takalman kuwa wata uku suna takawa da su, da buhun yashi a baya, kafin ranar tafiya. Bororo ɗaya a dunduniya ya isa ya mai da kwana 12 azaba.

Gardamarsu ta gaske a kan bindiga aka yi ta. Ƙanen ya so kowa ya ɗauki tasa, kowa ya samo ragonsa.

"Yaya, ka dubi kuɗin da na kashe, ka dubi nisan da na zo. In muka ga biyu a tsaye, sai mu bar ɗaya?"

Wan ya ce masa, "Zauna mu yi lissafin dawowa tukuna."

Lissafin dawowa

A ganina nan ne zuciyar shirin duka take. Babban rago yana kaiwa kilo 70 zuwa 90 a tsaye. In an feɗe an cire ƙashi, nama ya kai wajen kilo 30, ƙaho da ƙoƙon kai da fata su ƙara 10 ko fiye. Dokar Alaska ba ta bar wa mafarauci zaɓi ba: cinyoyi, karfata, gadon baya, wuya, ƙirji da naman haƙarƙari, duk sai an fito da su. Ba a fitar da ƙaho kafin nama, sai dai tare da kayan ƙarshe. Wanda ya bar ko cinyoyin baya bai ɗauko ba, mafi ƙarancin hukuncinsa kwana 7 a gidan yari da tarar dala 2,500. Ina ganin dokar nan ta yi daidai ƙwarai. Dabbar da ta yi shekara takwas tana tsira daga kyarkeci da hunturun wurin nan ba ta cancanci a sare kanta a bar jikinta ya ruɓe a kan dutse ba.

To, rago ɗaya kilo 40 da ɗoriya. Kayan zango na mutum biyu, bayan an ci rabin abinci, kamar kilo 30. In aka raba, kowa na da kilo 35 zuwa 40 a baya, a kan duwatsu masu motsi da dunƙulen ciyawar fadama da ke murɗe idon sawu. Ana iya yin sa a sawu ɗaya, da ƙyar. Rago biyu kuwa dole a yi jigila: a kai kaya gaba, a dawo hannu wofi, a sake ɗauka. Kowace kilomita ta zama uku. Wanda ya harbi na biyu a kilomita 15 daga filin jirgi ya sayo wa kansa tafiyar kilomita 45, kuma naman farko yana can yana jiran ƙudaje da beyar, wata babbar dabbar daji mai cin nama.

Da suka gama, sai suka ja layi a taswira, kilomita 15 daga fili, ba za su harba a bayansa ba komai kyawun ƙaho. Harbin farko na ƙanen ne. Na biyu sai in naman farko ya isa fili kuma akwai sauran kwana huɗu. Bindiga ɗaya suka ɗauka, da sharaɗin ba za su rabu ba, kowa kuma da gwangwanin barkonon feshi na korar beyar a ƙugu. Shi barkonon sai an faɗa wa matuƙi an miƙa masa ya ajiye inda ya ga dama, domin in ya fashe a cikin jirgi ya makantar da mai tuƙi, shi ke nan.

Zango uku

Tsarin kwanansu hawa uku ne. Na farko a bakin filin jirgi, wanda ma'aji ne kawai: abincin kwanakin ƙarshe da na jinkiri, busassun safa da riga, gwangwanin gas ɗaya. A gefen arewa na tsaunukan nan babu itacen da za a rataye abinci, sai gajerun itatuwan wilo a bakin ruwa, don haka suka sa shi a gora mai murfin da beyar ba ta iya buɗewa, suka danne da duwatsu a kan tudu. Kuregen ƙasa na wurin ma ɓarna gare shi, yana huda jaka ya kai ga gyaɗa. Ƙanen ya so a ajiye kayan a kan tsakuwa kusa da inda jirgi ya tsaya, wan ya nuna masa busasshen ganye da ruwa ya maƙale a rassan wilo, sama da gwiwar mutum. Nan kogi yake kaiwa in ya cika. Suka hau da kayan sama.

Na biyu shi ne tantin da ke tafiya da su. Ranar 9 suka haura kwarin kilomita 9, suka kafa shi a bayan wani ɗan tudu kusa da ƙorama. Wurin yana da ruwa, yana da kariya daga iskar da ke gangarowa da dare, kuma ba a ganinsa daga gangaren da suke zaton raguna. Sun kauce wa cunkoson wilo, tunda nan ne hanyar beyar kuma mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Girki da ajiyar abinci nesa da tanti, taku ɗari, ta inda iska ke tafiya. Ƙasar ba ta riƙe turaku sosai, sai da suka ɗora dutse a kan kowanne.

Na uku ba a kafa shi, a cikin jaka yake kwana. Duk safiyar da suka fita, tamfol, rigar kauri, murhu, abincin dare ɗaya, tocila da buhunan nama suna tare da su. Dalili kuwa shi ne rago yakan sauko kiwo da yamma, kuma wanda dole sai ya koma tanti kafin dare zai bar shi a daidai lokacin da ya kamata ya tsaya.

Yadda ta kasance

Ranar buɗewa hazo ya sauko ya rufe kwarin, ya yi kwana biyu. Babu abin yi sai kwanciya. A nan suka yi ta dafa shayi don ɗumi da kashe lokaci, gas yana tafiya ba su lura ba.

Da gari ya washe ranar 12, sai aikin kallo. A wannan lokaci rana tana yin awa 18 a sama, dare kuma ɗan duhu-duhu ne kawai, don haka mutum yana iya zama a bayan madubi har idonsa ya yi ja. Tumaki mata da 'ya'yansu suka fara gani. Ranar 14 suka hango raguna huɗu a wani kwazazzabo mai tsawo, ɗaya ya fi saura.

Doka ta yarda da rago ne in ya cika ɗaya daga sharuɗɗa uku: ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, ko bakin ƙahonin biyu duk sun karye, ko ya kai shekara 8. Shekarun a jikin ƙaho ake ƙirga su, domin kowane hunturu girman ƙahon yana tsayawa ya bar zobe. Daga nesa wannan aiki ne mai wuya. In rago ya ɗan karkata kai, ƙahon da bai cika ba sai ya yi kamar ya cika, kuma akwai zoben ƙarya tsakanin na gaskiya. Nan kilo 3 na babban madubi suka biya kuɗinsu. Wan ya kwanta rub-da-ciki yana jiran ragon ya juya gefe sosai, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, bakwai yake samu, na takwas yana shakka. Bakin ƙahon ya rage kamar faɗin yatsu biyu ya cika.

"Yaya, wallahi ya kai. Duba ta hagu."

"Ta hagu na duba. In muna gardama a kansa, bai kai ba."

Suka bar shi. Wanda ya harbi ragon da bai cika ba, za a ƙwace nama da ƙaho, a ci shi tara. Bayan wannan kuma manyan raguna sun yi ƙaranci a tsaunukan. A 2013 hunturu ya daɗe bai ɗaga ba, 'yan raguna da yawa suka mutu, kuma in ruwan sama ya zuba a kan dusar ƙanƙara ya daskare, tumaki ba sa iya tono ciyawa. Shekarar da aka rasa 'ya'ya, sai bayan shekara takwas mafarauci yake ganin giɓinta. Ragon da aka bari yana da bakwai, baɗi yana nan, ya kuma yi barbara a tsakani.

Ranar 16 suka matsa da tanti gaba, suka ga wani shi kaɗai, tsoho, bakin ƙahoninsa biyu a dakushe sun karye. Wannan babu shakka a kansa. Kilomita 13 daga fili, cikin layinsu. Suka zagaya ta bayan dutse suka hau sama da shi, saboda rago ƙasa yake sa wa ido, hawan ya ci musu awa biyar. Wajen ƙarfe 9 na dare, da sauran haske, ƙanen ya harba daga mita 200 da 'yan kai, harsashi ɗaya.

Fiɗa da cire ƙashi a kan gangare sun kai su tsakar dare. Tanti yana can ƙasa, tsakaninsu da shi duwatsu masu zamewa. Suka ɗauke buhunan naman nesa da kayan ciki, suka shimfiɗa su a kan dutse mai sanyi, su kuma suka matsa gefe suka ɗaura tamfol, suka sa duk rigunan da ke jaka, suka ci abincin daren da ke tare da su. Barcin kirki babu, amma babu wanda ya gangara dutse a gajiye cikin duhu da kilo 20 na nama a baya.

Dawowar ta ci kwana biyu cur. Ranar 17 da yamma ruwa ya kece, ƙoramar da suka tsallake a idon sawu ta kai cinya, ta yi launin ƙasa, ana jin duwatsu suna birgima a ƙarƙashinta. Suka kwana a gefenta. Da safe ta ɗan janye, suka nemi inda ta fi faɗi ta rarrabu, suka kwance ɗamarar jaka don in mutum ya faɗi ya iya zame ta, suka haye da sandunan dogarawa, fuska tana kallon inda ruwa ke fitowa. Ranar 18 da dare suka iso fili. Tsakuwar da ƙanen ya so a ajiye kaya a kanta tana ƙarƙashin ruwa. Ma'ajinsu a kan tudu ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Saura kwana biyu, ƙasa da huɗun da suka yi sharaɗi, don haka maganar rago na biyu ta mutu da kanta, wan bai ko tayar da ita ba. Aikinsu ya koma kan nama. Suka sassaƙa rassan wilo suka gicciya su, suka jera buhunan a kai don iska ta bi ta ƙasa, suka ɗaura tamfol a sama bai taɓa su ba. Safe da yamma ana buɗewa, a juya, a shinshina, a fesa ruwan tsami mai hana ƙuda yin ƙwai. Nama yana son sanyi da bushewa da iska, leda a rufe kuwa tana dafa shi cikin kwana ɗaya. Wurin naman nesa da tanti amma inda ido ke kaiwa, kuma ba a zuwa gare shi sai da bindiga a hannu.

Ranar 20 jirgi bai zo ba. Saƙon matuƙi ya shigo ta na'ura: gajimare ya rufe mashigar dutse, kuma yana son sanin ko filin ya bushe. Suka taka shi da ƙafa suka ƙirga tsawon busasshen wurin, suka kwashe duwatsu da itacen da ruwa ya kawo, suka aika masa da adadin taku da inda iska ke kaɗawa. Sai ranar 22 ya sauka. Abincin jinkiri ya riƙe su har da ragowar rana ɗaya. Gas ne ya ƙare tun ranar 21, sai da busassun ƙiraren wilo suka tafasa ruwa.

In za a auna shirin, layin kilomita 15 da tamfol na cikin jaka da ma'ajin kan tudu su ne suka ɗauke su. Inda ya yi rauni shi ne gas, wanda aka lissafa da ranakun tafiya aka manta da ranakun zama, da kuma rashin takalmin tsallake ruwa mara nauyi, abin da ya sa suka yi kwanakin ƙarshe da jiƙaƙƙun ƙafafu har fatar ƙanen ta fara saɓulewa. Bindiga ɗaya ta ishe su saboda sun riƙe alkawarin rashin rabuwa. Ga mutanen da suka san za su raba hanya, ba zan ba da wannan shawara ba.

A Fairbanks suka kai ƙahon ofishin hukumar kifi da namun daji ta jihar, domin doka ta ba da kwana 30 a kai shi a sa masa hatimi. Ma'aikacin ya auna, ya ƙirga zobe, ya huda ya dasa lamba. Ƙanen, da yake ba mazaunin jihar ba ne, rago ɗaya doka ta ba shi cikin shekara huɗu, don haka tafiya ta gaba ta wan ce, shi kuma zai zo ɗaukar kaya. Sun riga sun rubuta gwangwanin gas na huɗu da takalman roba a jerin, kuma suna neman abin da za su cire mai nauyin kilo ɗaya don su shiga.